Rigar Sanyin da Na Hana Dije

Shekara shida ke nan cur da rasuwar matata Hadiza, wadda duk unguwa ta sani da Dije mai ulu. Da damina ta rasu, a irin wannan lokaci da rana kan yi kwana uku ba ta leƙo Yaounde ba, yayyafi yana sauka a kan kwanon gidajen unguwarmu Briqueterie, wadda muke ce wa Birik, tun asuba har la'asar. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Ni tela ne, almakashi na sani, kuma ko da na iya rubutun ban san me zan ce ba, domin tun ranar da muka dawo daga maƙabarta ban ji komai a raina ba. Mutane sun yi ta yabon haƙurina, har limaminmu ya taɓa kawo ni misali a wajen wata ta'aziyya. Na sunkuyar da kai na karɓi yabon, alhali na san ba haƙuri ba ne. Mutumin da ya kwanta a kan hannunsa har hannun ya sage, in an tsunkule shi bai ce wash ba, ai ba jarumta ya yi ba. Haka na zauna shekara shida, ina ci ina sha, ina buɗe shago ina rufewa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, saƙa ce sana'ar Dije. Da kwarashi take yi, wani lokaci da tsinke biyu: hulunan jarirai, safa, 'yan riguna, da babban mayafin da ake naɗe jariri a ciki ranar suna. A wajen wata tsohuwa a unguwar Messa ta koya tun tana budurwa, kuma da damina ta fi yi, don ta ce ruwa ya hana mutum fita amma bai hana hannu motsi ba. Ba ta sayen sabon ulu. A ganinta sabon ulu na masu gaggawa ne. Kasuwar Mokolo take zuwa wajen masu gwanjo, ta tsuguna gaban tulin rigunan sanyin da Turawa suka gaji da su, ba ta duba yayi ba ta duba ɗinki, zaren kawai take murzawa tsakanin yatsu biyu. In ya yi mata, ta kawo gida ta farke gefen rigar, ta lalubo bakin zaren ta ja. Kafin ka ankara riga guda ta koma tulin zare mai lanƙwashe-lanƙwashe. Sai ta wanke shi, ta turara a kan tukunyar ruwan zafi har ya miƙe, ta shanya a inuwa.

Daga nan sai naɗi, kuma nan ne nawa aikin yake. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tunda ba na buɗe shago, sai ta zaunar da ni a kan tabarma in miƙa hannu biyu, ta rataya mini zaren tana naɗe shi dunƙule-dunƙule. Ni da nake da shago da keken ɗinki uku a bakin titi, a gidana maratayi ne. In na fara gyangyaɗi hannuna ya sauka, sai ta ce, “Malam, ƙusa ma ta fi ka riƙon amana.” Shekara ashirin da ɗaya muka yi a haka, kuma ban taɓa tambayarta yadda ake riƙe kwarashi ba.

Wata shekara ta dace da wasu manyan riguna biyu iri ɗaya, ruwan zuma, zarensu mai laushi da ba ya ƙaiƙayi. Da shi ta saƙa mini rigar sanyi marar hannu, wadda nake sawa a ƙarƙashin babbar riga in tafi sallar asuba. 'Yan uwanmu na Garwa da Marwa dariya suke yi in muka ce ana sanyi a Yaounde, amma wanda ya wuni zaune a kan keke a shago mai danshi ya san inda sanyin nan yake shiga. Sauran zaren ta ɗaure a leda ta ajiye, ya yi shekara uku ba ta taɓa shi ba.

A daminarta ta ƙarshe ta ciro shi ta fara wani mayafi. Na lura da shi ne kawai don ya fi sauran kyau, kuma ba ta yin sa in akwai baƙi. Ya wuce rabi kaɗan zaren ya ƙare. Wata safiya na dawo daga masallaci ina tuɓe babbar riga, sai ta dubi rigar sanyin da ke ciki ta ce:

“Malam, ka ba ni pul ɗin nan in warware. Zaren mayafin nan ya ƙare mini, na zaga Mokolo sau uku ban sami irinsa ba. In an kwana biyu sai in saƙa maka wani.”

Na ce, “Mayafin wa?”

Ta ce, “Na wata ce.”

Na ce, “To watan ta yi haƙuri. Ni za a tuɓe don a rufe ɗan wata? Kyauta ba ta komawa gida, Dije.”

Ta yi dariya. Ta ninke mayafin da kwarashin soke a jikinsa, ta mayar cikin leda ta ɗora a kan wadirob. Bayan wata biyu ta kwanta. Sati uku aka yi ana kai ta asibiti ana dawowa, sannan Allah Ya karɓi abinSa. Mutuwa rigar kowa ce, haka kowa ya faɗa mini, ni ma haka na faɗa wa waɗanda suka zo suna kuka. Ledar ta zauna a kan wadirob, ni kuma na ci gaba da sa rigata kowace damina. Kada mai karatu ya ɗauka don begenta nake sawa. Sanyi ake yi, riga ce, na sa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Birik ta yau. Yanzu ba mai jiran wata biyu a saƙa masa mayafi. Barguna ne na kanti cikin jakar leda mai zif, ka shiga Mokolo ka ɗauko ko da safiyar sunan ce, duk jariran unguwa zanen beyar ɗaya a ƙirjinsu. A gefe guda kuma 'yan mata sun dawo wa kwarashi da kansu. Nakan gan su a ƙofar gida, waya jingine da kwano, wata mata daga wata ƙasa tana nuna musu yadda ake saƙa jaka, suna tsayar da ita suna maido ta baya yadda suka ga dama. Na san Dije. Da farko za ta taɓe baki ta ce saƙar da ba a zage ka a kanta ba ba ta zama a hannu. Bayan kwana biyu kuma za ka same ta zaune a tsakiyarsu tana cewa a maido mata wurin nan ta ƙara gani. Abin da ba za ta yafe ba shi ne ulun da suke saya, mai ƙyalli kamar ledar alewa, wanda wanki ɗaya ke kashe shi.

'Ya ɗaya Allah Ya bar mana. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Ummi ake ce mata. Shekararta goma sha shida uwarta ta rasu. Bara aka yi mata aure a unguwar Ekoudou, bana kuma ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a cikin fari. Tunda babu uwa a gidan, sai Goggo Dudu ta karɓi ɗawainiyar. Goggo Dudu maƙwabciyarmu ce, Bafillatanar Ngaundere, aminiyar Dije tun suna amare. Ita ce, wajen gyara ɗakin da Ummi za ta zauna, ta sa sanda ta zaro ledar daga kan wadirob. Na shigo cin abincin rana na same ta zaune da mayafin a cinya.

Na ce, “Wannan na wata ne da Dije ba ta gama ba. Har yau mai shi ba ta zo nema ba.”

Ta ɗago ta dube ni tsawon lokaci. Ta ce, “Baban Ummi, da gaske kai ba ka san na wa ba ne?”

Na ce ban sani ba.

“Na ɗan Ummi ne. Ni ta faɗa wa. Ta ce ta rufe 'ya'yan unguwa kaf, ba za a fito da jikanta cikin bargon kanti ba. Tun lokacin tana jin jikinta ba daidai ba, shi ya sa ta fara da wuri.”

Na ce, “To me ya hana ta faɗa mini?”

Ta ce, “Kayya, Malam. Ummi fa 'yar fari ce. Da wane baki?”

Yaran yanzu ba lalle su gane ba, amma mu haka muka taso. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna ana son sa, ba a tsoma baki a lamarinsa a gaban mutane. Dije ba ta taɓa ce wa Ummi “'yata” ba, sai dai “yarinyar nan”. Ta yaya za ta buɗi baki ta ce wa mijinta tana saƙa wa ɗan 'yar farinta mayafi, yarinyar ko saurayi ba ta da shi? Ita kunya ta hana ta faɗa, ni kuma da aka ce “na wata ce” ban ga abin sake tambaya ba. Ta zaga Mokolo sau uku da ciwo a jikinta, alhali zaren da take nema yana jikina, ina zolayarta da shi.

Na tsaya a tsakar ɗakin ina jiran in ji wani abu, ko zafi ko nadama ko hawaye. Babu abin da ya zo. Na ci tuwona, na wanke hannu, na koma shago na yanka wa wani alhaji riga, kuma yankan ya yi daidai. Sai dai washegari, maimakon in buɗe shago, ƙafata ta kai ni Mokolo da ɗan guntun zaren a aljihu. Na tsuguna gaban tulin gwanjo kamar yadda take yi, masu kaya suna kallon dattijo da gemu yana murza rigunan mata. Ban sami irinsa ba. Na san ba zan samu ba tun kafin in fita.

Goggo Dudu ta ce a cike da farin ulu, ba wanda zai ce komai. Na ce a'a, akwai zare. Ta gane abin da nake nufi, ta ce to ko an warware rigar ita ba za ta iya ba, sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, ko tsinken sakace da ƙyar take riƙewa. Ummi kuwa ba ta taɓa koya ba, uwarta ta ce boko za ta yi. Na ce to ni ta koya mini. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

“Namiji da kwarashi? A Birik? Wallahi in 'yan majalisarku suka ji, ka gama shan shayi a cikinsu.”

Tana da gaskiya. A unguwar nan ƙato zai zauna a bakin titi da allura yana yi wa wuyan riga aiki ko yana ɗinkin hula, ba mai ce masa komai, amma ya riƙe kwarashi da ulu, sai a ce ya shiga aikin mata. Ban taɓa gane bambancin ba, zare dai zare ne. Na ce mata gemu ba ya hana ilmi, kuma ƙofar gida za mu rufe. A lissafin ungozoma saura wata biyu Ummi ta sauka.

Kullum in na dawo daga asuba, kafin in fita shago, Goggo Dudu takan shigo da ragowar ulun gwaji ta zauna daga bakin ƙofa, ni ina daga ciki. Ban taɓa sanin hannuna jahili ba ne sai a lokacin. Shekara arba'in ina ɗinki, kuma tela ɗaure zare ya sani, ya ja ya tsuke don kada ya ɓalle. Saƙa kuwa sassauci take so. Duk madaukin da na yi sai ya tsuke har kwarashin ya ƙi shiga. Ita kuma tana faɗa, “Doucement, Malam, a hankali! Ba maɓalli kake ɗinkawa ba. Ka bar wa zaren wurin numfashi.” Sati uku na yi ina saƙawa ina warwarewa kafin ta ce to, ba kyau, amma ba zai kashe jariri ba.

Ranar da zan warware rigar Juma'a ce. Na tuɓe ta bayan asuba na ninke, na je masallaci na dawo, na zauna a kan tabarmar da muke zama. Na farke gefen da almakashina, na lalubo bakin zaren a wajen wuya, inda gumi da turare suka sa ya yi duhu. Na ja. Abin da ta yi wata guda tana saƙawa bai kai la'asar ba ya zube a gabana. Nan da can yatsana yakan ci karo da ɗan ƙulli, inda zare ya tsinke mata ta ɗaura, ƙulli ƙarami da ta ɓoye ta ciki yadda shekara tara ina sa rigar ban taɓa jin sa a fatata ba. Zaren ya fito a lanƙwashe, kowane lanƙwasa inda hannunta ya bi. Na san dole a turara shi ya miƙe, in ba haka ba ba zai saƙu ba. Na ɗora tukunya, na riƙe shi a kan tururi ina kallo yana miƙewa. Nan ma ban ji komai ba, sai zafin tururin a bayan hannuna.

Da ya bushe aka zo naɗi, sai na ga ni ne mai naɗin, babu maratayi. Na kifa kujera 'yar tsugune na rataya zaren a ƙafafunta, ya zame. Na sake ratayawa, ya sake zamewa ya harɗe. Ina tsince shi sai na ji an ɗaga labule. Ummi ce ta fito, tana dafa bango saboda nauyi. Ta zauna a gabana da ƙyar, ta kau da kai gefe, ta miƙo hannu biyu. Na rataya mata zaren na fara naɗi. Tun da ta yi wayo ban taɓa zama da ita fuska da fuska tsawon haka ba. Ita tana kallon bango, ni ina kallon dunƙulen. Sai can da muka kusa gamawa ta ce, a hankali, “Baba, kana ja da yawa. Inna ba haka take yi ba.” Na sassauta.

Da kwarashin Dije na ci gaba, daga madaukin da ta bari a buɗe. Sannu ba ta hana zuwa, amma ta kusa hana ni, domin Ummi ta riga lissafin ungozoma da kwana goma. Namiji ta haifa. A kwana shidan da suka rage kafin suna na rufe shago na ce ba ni da lafiya, na zauna a ɗaki ina saƙa, mata 'yan barka suna shige da fice a tsakar gida. Ana jajiberin suna da la'asar na ɗaure madauki na ƙarshe. Zaren da ya rage bai kai kamu ɗaya ba.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, mayafin bai yi kyau ba. Rabin Dije a shimfiɗe yake lumui, nawa rabin ya tsuke ya karkace, ko makaho ya shafa zai san inda hannu ya canja. Launin ma ya ɗan bambanta, don nawa zaren ya sha wanki da rana. Ranar suna, bayan an yi addu'a maza sun watse, Goggo Dudu ta fito mini da yaron zaure a naɗe a ciki. Ta ce matan da ke cikin gida sun yi ta juya mayafin, wata tsohuwa daga unguwar Madagascar da Dije ta saƙa wa jikokinta huɗu ta ɗora yatsa a kan layin ta ce, nan Dije ta tsaya. Ba wadda ta tambayi wanda ya ƙarasa. Goggo Dudu ta miƙo mini yaron ta ce, “Ga abokin takararka. Da Dije na nan da ta ce ta yi sabon miji, ta tuɓe tsohon ta rufe sabon.” Na karɓe shi na yi masa addu'a. Yana barci, ya damƙe gefen mayafin da hannu, ta wajen nawa rabin mai karkata.

In an tambaye ni me ya rage na Dije, ba ni da abin nunawa da yawa. Hotonta ɗaya ne, na katin shaida. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Mayafanta suna nan warwatse daga Birik har Ekoudou, wasu sun koma shimfiɗar kujera, wasu na ji an warware su an yi huluna, kuma na san wannan ba zai ɓata mata rai ba, don ita ce mai cewa zare ba ya tsufa, riga ce ke tsufa. Wata rana wannan mayafin ma wata za ta lalubo bakinsa ta ja. Allah Ya jiƙan Dije, Ya yafe mata, Ya lulluɓe ta da rahamarSa fiye da yadda ta lulluɓe 'ya'yan mutane. Ni kuma Ya yafe mini wasan da na yi a inda ba wurin wasa ba.

Washegarin suna na tashi sallar asuba, na miƙa hannu kan ƙusar da nake rataye rigar, na taɓa bango. Duk makonnin da nake saƙa hankalina yana kan mayafin, ban lura da rashinta ba sai ranar. Na sa babbar riga haka nan na fita. Ana yayyafi. Ban kai kwanar mai shayi ba sanyin ya shiga ta wuyana ya sauka ƙirji, ya bi haƙarƙarina ɗaya bayan ɗaya, har haƙorana suka fara haɗuwa. Na tsaya a bakin kwata na kasa gaba na kasa baya. Shekara shida rabon da wani abu ya ratsa ni haka. Wani maƙwabcina da muke sahu ɗaya ya iske ni a tsaye, ya haska ni da wayarsa, ya ga fuskata a jiƙe ya ce, “Malam, lafiya?” Na ce masa sanyi nake ji.

Mijin Ummi ya ji labari ya sayo mini jaket mai zif daga kanti, mai kauri, mai kyau. Na yi godiya, na rataye ta a kan ƙusar. Damina ba ta ƙare ba tukuna, kuma har yau ban sa ta ba.